Kujerar Guguwar Arewa

A garin Kinrath, can tsakiyar gonakin alkama na Saskatchewan a ƙasar Kanada, an yi wani mai sayar da kayan gyaran tarakta, sunansa Wendell Dubchak. Da a ce da baki ake jefa faifan hoki a raga, da tuni an kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar gari. Shekara goma sha tara ke nan da ya zo daga bakin teku ya auri Lorna 'yar gidan Petryk, kuma tun ranar da ya sauke jakarsa yake cika wa mutane kunne da labarin tashen da ya yi a wasan hoki, wanda ake buga ɗan faifai da sanda ana zamiya a kan ƙanƙara. Wai Guguwar Arewa ake kiransa a ƙuruciya. Wai masu tsaron raga gudawa ke kama su idan suka ji zai buga. Wai saura ƙiris manyan ƙungiyoyi su ɗauke shi, sai gwiwarsa ta hagu ta ci amanarsa. Wata rana kuma ta dama ce, ya danganta da wadda ta fi kusa da hannunsa.

A garin da yaro ke iya zamiya a kan ƙanƙara kafin ya iya ɗaure igiyar takalminsa, ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa akwai ƙaton namijin da bai iya ba. Abin da ya rufa wa Wendell asiri ke nan. Inda ya tashi ruwan sama ake yi duk hunturu, tafki ba ya daskarewa, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa tsayawa a kan ƙarfen takalmin ƙanƙara ba. Duk abin da ya sani a talabijin ya gani.

A shagon shayin Mavis akwai wata jar kujerar katako kusa da murhu. Al'adar garin ce wanda ya fi kowa iya hoki shi ke zama a kanta, shi ake fara zuba wa kofi, kuma idan gardama ta kaure a kan wasan jiya, maganarsa ce ta ƙarshe. Da tsoho Einar mai kujerar ya rasu, kowa ya ɗauka Arlo Friesen ne zai gaje ta, shi da ya bar haƙora huɗu a filin garin, shi ne kuma ke wasa wa kowa ƙarfen takalmi. Kafin Arlo ya gama jin nauyin zama a wurin mamaci, Wendell ya baje a kai. Shekara shida yana nan daram, yana koya wa mutanen da suka yi furfura a kan ƙanƙara yadda ake riƙe sanda.

Wata Litinin a cikin watan Janairu hira ta gangaro kan wasan dattawa da ake yi kowace shekara da mutanen Halvik, ƙauyen da ke hayin kogi. Shekara bakwai a jere Halvik ke lallasa su.

"Ba abin da ke kayar da ku sai tsoro," in ji Wendell, yana miƙe ƙafa a gaban murhu. "Kuna tafiya kamar masu ɗauke da tiren ƙwai. Ni da ƙafa ɗaya, a waɗannan shekarun nawa, sai in zuba musu uku kafin kofin nan ya huce."

Arlo ya ajiye cokalinsa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma shekara shida ke nan yana jiran wannan ranar.

"Uku ka ce?"

"Uku. Huɗu idan na karya da kyau."

Arlo ya zaro takardar sunayen 'yan wasa daga aljihu, ya lashi fensir, ya rubuta. Sai a lokacin Wendell ya gane sunansa aka sa cikin 'yan wasa. Hannunsa ya kai kan gwiwa.

"Ai da ba don wannan tsinanniyar gwiwar ba..."

"Da ƙafa ɗaya ka ce, mutumina. Zo mana da mai lafiyar, ɗayar ka bar ta a gida."

Shagon ya kwashe da dariya. Mavis ta zo da butar kofi ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Bari in gaya maka, Guguwa. Kujerar nan ni na saye ta, kuma na gaji da ganin ta tana ɗaukar labari. Asabar ta sama, ranar wasan, duk wanda bai taka ƙanƙara ba, bencin bakin ƙofa ne wurinsa, inda iska ke shigowa."

"Ku tanadi raga biyu," in ji Wendell, "ɗaya ba za ta ɗauka ba." Ya fita yana ɗingishi, har ya manta da wace ƙafar ya fara.

A gida ya tarar da Lorna tana naɗe perogi a tebur, kwaɓin fulawa mai dankali a ciki. Ita kaɗai ce a duk garin ta san gaskiya, ta kuma riƙe ta don kunyar kanta, ba don tasa ba.

"Ka koma ka gaya musu mana," ta ce. "Za su yi dariya mako guda su manta."

"In gaya musu me? Abin da ɗan shekara uku ke yi? Kwana goma sha biyu ma sun yi mini yawa."

"Kai da ko tsani sai na riƙe maka? To ka bari in koya maka. Shekara tara na buga wa ƙungiyar 'yan matan garin nan."

"Guguwa ba ta ɗaukar darasi a kicin, Lorna."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta ci gaba da naɗinta.

Shirinsa ga shi: zai yi filin kansa a bayan gida, ya koya a ɓoye, ranar Asabar ya fito ya rufe bakin kowa. Duk wanda ya tashi a Kinrath ya san yadda ake yin filin bayan gida. Ana tattake dusar ƙanƙara ta kwanta, a yayyafa ruwa kaɗan, a bari ya daskare, a sake yayyafawa, haka har kwana huɗu ko biyar. Wendell ya ce wannan aikin marasa dabara ne. Ya rataya tampol a jikin shinge don kada a gan shi, ya ja tiyo zuwa tsakiyar fili, ya buɗe famfo har ƙarshe, sannan ya koma ɗaki ya kunna tsofaffin wasanni, wai karatu yake.

Bai lura ba cewa bayan gidansa gangare ne, kuma gangaren gidan maƙwabciyarsa ya nufa, Doreen Thibault, tsohuwar malamar makaranta da rabin garin suka sha tsawa a hannunta. Awa huɗu ruwa na bi ta ƙarƙashin shinge, ga sanyi ya kai talatin ƙasa da sifili. Kafin la'asar tayoyin motarta huɗu sun manne da ƙasa, matakalar ƙofarta ta zama gilashi. Da rarrafe ta iso bakin shinge.

"Wendell Dubchak, fito ka ga aikinka."

Ya leƙo yana sosa ƙeya. "Kai, ashe bututu ya fashe."

"Bututun ne ya rataya tampol? Shi ya ja tiyo ya ajiye a tsakar gida?"

"Gwaji nake yi na wata sabuwar hanya."

"Ta yi kyau. Gatarinka na nan? Don gobe ina da ganin likita, kuma a motar nan zan je."

Kwana biyu ya yi yana saran ƙanƙara a gindin motar Doreen, ita kuma tana tsaye tana nuna masa inda ya bari. Abin da ya rage masa na fili a nasa gidan wani siririn zirin ƙanƙara ne mai gargada, ya miƙe sak daga ƙofar kicin zuwa tulin dusar da ke jikin shinge. Ya dube shi ya ce ai gwani ba ya buƙatar faɗi.

Saura takalmi. Ya tono na marigayi surukinsa a ɗakin ƙasa, ƙarfen duk ya yi tsatsa. Kowa a garin wurin Arlo yake kai nasa, amma Wendell ya sha jin tambayar da Arlo ke yi wa duk wanda ya miƙa takalmi: wane zurfi kake so? Bai san amsar ba, bai ma san zurfin me ake nufi ba. Ƙarfen takalmin nan ba wuƙa ba ne. Ƙasansa akwai ɗan kwari a tsakiya da baki biyu a gefe, da su mutum ke karkata ya juya, da su yake kankare ƙanƙara ya tsaya. Wendell dai ya ji ana cewa washi, shi kuwa ya iya washi. Ya kai takalman shagonsa, ya kunna injin da yake wasa gatari, ya ci gefen nan ya ci gefen can har ƙarfen ya koma baki ɗaya tal. Ya gwada shi a kan kabeji, ya raba shi biyu ba ko tangarɗa. Ya tausaya wa mutanen garin da suke biye wa Arlo shekara da shekaru.

Kullum da hantsi, idan mutane sun tafi aiki, sai ya ɗauko kujerar kicin ya riƙe bayanta yana turawa, kamar yadda ake yi wa yara 'yan koyo. Ranar farko kujerar ta tafi ta bar shi. Rana ta uku ya faɗa kanta ta karye. Rana ta biyar ya karya ta biyu, Lorna ta kwashe sauran ta kulle a ɗaki, ta bar masa ta roba. A rana ta bakwai ya saki kujera, ya tokari ƙofar kicin da hannu biyu, ya tafi sak kamar an ja shi da igiya, ya nutse a tulin dusa har kafaɗa. Ya fito yana tofar da ƙanƙara, fuskarsa cike da murna.

"Kin gani? Shi ke nan fa abin da ake ta kururutawa."

"Na gani," in ji Lorna daga taga. "Tsayawa fa? Juyawa fa?"

"Wanda ya je cin wasa ba tsayawa ta kai shi ba."

Da ya ɗaga kai sai ya hango Doreen a tagar benenta, can sama da tampol, da kofin shayi a hannu, ta jawo kujera ta zauna sosai. Ashe tun ranar farko take wurin. Da yamma ya je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, yana murmushin da bai kai ciki ba.

"Malama Doreen, abin da kike gani ɗin nan sirrin horo ne. Kada mutanen Halvik su ji."

"Kwantar da hankalinka, ba wanda zan gaya wa," ta ce. "Shekara goma sha tara ina jin surutunka ta kan shinge. Ba zan ɓata wa mutanen gari ganin ido ba."

Shi kuwa ya koma gida yana yaba amanarta.

Ranar Asabar da azahar filin garin ya cika maƙil. An rufe shaguna, har mutanen Halvik sun zo da mota biyu cike, don su ma labarin ƙwallo ukun ya iske su. Mavis ta kafa teburin kofinta a bakin katangar fili, ta ɗauko jar kujerar ta girke a inda kowa zai gan ta. A ɗakin sa kaya Wendell ya ɗaura kariyar gwiwar hannu a ƙwauri, ta ƙwauri kuma a hannu, don talabijin ba ta nuna abin da ke ƙarƙashin riga. Da aka yi masa magana ya ce haka suke yi a Arewa.

"Kawo takalminka in duba maka," in ji Arlo.

"Ba mai taɓa ƙarfena sai ni."

Arlo ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Zagaye na farko Wendell bai bar benci ba, ya ce karanta su yake yi. Zagaye na biyu igiyar takalminsa ta kwance sau biyar. Amma bakin nan bai huta ba, yana ta ba da umarni, wane ka tare, wane ka miƙa, wane kai makaho ne. Da aka shiga zagaye na uku ana biyu da biyu, abin da Kinrath ba ta gani ba cikin shekara bakwai. Saura minti huɗu, dattawa sun jigata, kowa na haki kamar zai zube. Arlo ya zo ya faɗa kan benci, gumi na tsiyaya daga hular kwanonsa.

"Guguwa, lokacinka ne. Ɗaya ma ta ishe mu, biyun mun yafe."

Sai 'yan kallo suka ɗauka, na Kinrath da na Halvik baki ɗaya, ana buga ƙafa ana kiran sunansa. Wendell ya dubi jar kujerar, ya dubi Mavis, ya miƙe. A hoki ba a tsayar da wasa don canji, wani na fita wani na shiga. Akwai 'yar ƙofa a jikin katanga wadda duk masu hankali ke bi, amma shi ya ga gwanaye na tsallakawa ta sama, don haka ya tsallaka. Abin mamaki, a kan ƙafafunsa ya dira. Abin takaici, ragar gidansu yake fuskanta. Bai tsaya tunani ba, ya tokari katanga da hannu biyu yadda ya saba tokarar ƙofar kicin.

Wannan ƙanƙarar ba irin ta bayan gidansa ba ce, an goge ta sumul. Ya tafi da gudun da bai taɓa yi ba ko a mota. Wani abokin wasansa ya gan shi shi kaɗai ya turo masa faifai, faifan ya zo ya maƙale a jikin sandar da ya dogara da ita kamar tsoho mai ciwon baya. Fili ya ɗauki ihu, kowa na cewa ya juya. Ya so ya juya. Ya karkata kafaɗa, ya murɗa ƙugu, ya karkace baki, amma wuƙaƙen nan sun shige ƙanƙara sun kama hanya kamar jirgin ƙasa a kan dogo. 'Yan Halvik suka dare suka ba shi wuri, har wani ya ɗaga masa sanda.

Mai tsaron ragar Kinrath, Hubert mahauci, ɗan shekara sittin da huɗu, ya ga abin da ke tahowa.

"Wendell, nan gida ne fa. Wendell!"

Idon Wendell tulin dusa yake nema, babu. Shi da faifai da Hubert suka shige raga tare, ragar ta tumɓuke ta tafi da su har jikin katanga. Alƙalin wasa ya busa usur, ya nuna cewa faifai ya riga ya haye layi. Halvik uku, Kinrath biyu.

Aka zare Hubert yana zagi ƙasa-ƙasa, aka zare Wendell. Ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka rabu. Ya sake, ya zauna daɓas. A karo na uku ya kife.

"Gwiwar ce," ya ce. "Na gaya muku gwiwar ce."

Arlo ya iso, ya kama ƙafarsa ya ɗaga kamar mai duba kofaton doki. Ya shafa ƙarfen da babban yatsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito 'yan Halvik su ma su zo su gani. Suka kewaye shi, dattawa goma sha ɗaya, kowa na leƙen tafin ƙafar Guguwa.

"Wa ya wasa maka wannan?"

"Salon Arewa ne. Ba ku san shi ba a nan."

"Wannan ta yankan kabeji ce, mutumina. Gaya mini tsakani da Allah, ka taɓa hawa ƙanƙara?"

Daga can saman 'yan kallo Doreen ta miƙe, da muryar nan tata da ke kai wa ƙarshen aji.

"Ya taɓa, kada ku zalunce shi. Kwana tara, da kujerar kicin. Biyu ya karya."

Dariyar da aka yi sai da tantabarun da ke rufin suka tashi. Hubert ya manta da haƙarƙarinsa yana ta dukan ƙanƙara da safar hannu. Amma saura minti uku a wasa, ga mutum kwance a gaban raga, kuma ba wanda ya miƙa masa hannu. Alƙali ya dubi agogo. Sai Mavis ta buɗe 'yar ƙofar katanga, ta ɗauki jar kujerar ta ɗora a kan ƙanƙara, ta tura ta da ƙafa. Kujerar ta zo sululu ta tsaya daidai hancinsa.

"Ga kujerarka nan, Guguwa. Tashi ka ba mutane wuri."

Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, amma ba shi da wata hanya. Ya kama bayan kujerar ya miƙe, ya shiga turawa, taku ɗaya ƙiii, taku biyu ƙiii, a gaban mutum ɗari huɗu. 'Yan Halvik suka jeru suna buga sanduna a ƙanƙara, irin girmamawar da ake yi wa gwarzon da aka fitar da rauni. Ya fi minti biyu kafin ya kai bakin katanga, wasan kuma ya tashi uku da biyu.

Ranar Litinin, ga mamakin kowa, sai ga shi a shagon Mavis, ya naɗe gwiwoyi biyu da bandeji. Gurbin kujerar kusa da murhu wayam. Arlo na zaune a inda ya saba. Wendell ya tsaya a tsakiyar shago ya gyara murya.

"Amma ku faɗi gaskiya, cikin shekara takwas wa ya taɓa shigar da faifai raga da irin wannan ƙarfin?"

"Ba kowa," in ji Hubert, yana dafe haƙarƙari. "Zauna can."

Ya zauna a bencin bakin ƙofa. Mavis ta bi kowa da kofi, har direban da ya tsaya tambayar hanya, sannan ta zo kansa ta tsiyaye masa ragowar.

"Ina kujerata?" ya tambaya a hankali.

"Taka ce har gobe, Arlo ya ce ba ya so. Tana can fili, an ajiye maka a ajin 'yan koyo. Asabar ƙarfe tara, kai da 'yan shekara uku guda shida. Malamar ta ce ka zo da wuri, kuma ka fara kai wa Arlo takalmin."

"Wace ce malamar?"

"Lorna," in ji Mavis. "Jiya ta zo da kanta ta roƙi a ba ta ajin."

Wani ya turo ƙofa, iska ta shigo ta daki ƙeyar Wendell. Ya ɗaga kwalar rigarsa, ya kama kofin da hannu biyu, kofin kuwa ya riga ya huce.